Hattara da "haɗin mai jego" da ake tallatawa a waya

'Yan uwa mata na Kubwa, Nyanya, Karu da Gwagwalada, a kula da masu tallan "haɗin mai jego" a WhatsApp da TikTok. Alkawarinsu ɗaya ne: matsi da ni'ima cikin kwana uku, "kafin maigida ya fara hangen waje". Sai kin tura kuɗi tukuna. Wata ta toshe lambarki daga nan, wata ta aiko ɗan acaɓa da ƙullin leda: gari ko dunƙulen sakawa, babu sunan abin da ke ciki, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa.

Irin wannan matsi kan ƙunshi alimun ko kanwa. Abin da suke yi shi ne tsotse danshin wurin su ƙona fata, mace ta ji ta ɗame ta ɗauka magani ya ci. A gaban da ke da ɗinkin ƙari, ga jinin biƙi bai ɗauke ba, hakan na iya warware ɗinkin, ya jawo ruɓa da wari. In ƙunar ta warke da tabo, hanya kan tsuke har sai an yi aiki, wani lokaci ta hana haihuwa ta gaba tafiya daidai.

Bushewa da ƙarancin sha'awa bayan haihuwa ba cuta ba ce. Shayarwa na rage wani sinadarin jikin mace mai suna istirojin, shi ke kawo bushewar. Ƙara da rashin barci, tsoron ciwo, tsoron sabon ciki da zullumin kishiya. Da wannan zullumin suke cin kasuwa, abin da ya fi ɓata mana rai ke nan.

Kada ki saka komai kafin jini ya ɗauke, ɗinki ya warke. Ki je awon sati 6 a duba ki, ki yi maganar tazarar haihuwa, don ciki na iya shiga kafin al'ada ta dawo. Don bushewa, a sayi man santsi mai ruwa a kemis. Don ƙarfin wurin, matse naman kamar mai riƙe fitsari na daƙiƙa 5, ki saki, sau 10, sau 3 a rana. Sai an yi makonni ake ganin amfani.

Zazzaɓi, wari, jinin da ya dawo da ƙarfi, ko baƙin ciki da kuka da suka wuce sati 2, a tafi asibiti. Wadda ta riga ta saka, ta daina, ta tafi da ledar ta nuna wa ungozoma.

Maigida, kai ma da kai ake: in ta ce da zafi, a dakata.