Manhajar tasi ta cire min 2,600 a tafiyar kusan dubu goma, ga yadda muka ƙare

Tauraro uku na ba su, kuma biyu a ciki albarkacin direban suka ci. Ba zan kama sunan manhajar ba, ni dai labarin abin da ya same ni zan bayar, kowa ya auna da tasa.

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na shigo jirgin ƙasa daga Rigasa na sauka Idu da yamma, da bako biyu na atamfa da turaren wuta da zan kai wa Yayata a Karu saboda bikin 'yarta. Wanda ya san Abuja ya san mace ita kaɗai da kaya niƙi-niƙi ba ta tsayawa bakin titi tana tare mota, ga 'yan wan-cans masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi a cikin mota, shi yasa duk tsadar abun nake haƙura na kira a waya, ko ba komai kina ganin hoton direba da lambar mota kuma kina iya tura wa 'yan gida su bi ki a taswira har ki isa. Wannan kam ba za a raina musu ba. Minti takwas motar ta iso, Corolla tsohuwa amma a wanke tas, esi na aiki, direban wani dattijo ne ɗan wajen Funtua da furfura a gemu, da kansa ya fito ya ɗora bakon a but bai tsaya yana kallona ina fama ba kamar yadda yaran nan suke yi.

Kuskuren daga ni ya fara, gara in faɗa tun yanzu. Batirina saura kashi huɗu, ina sauri, na rubuta K-A-R na danna na farkon da ya fito, ashe Karmo na danna ba Karu ba. Karmo kuwa ga ta nan bayan Idu, Karu kuma sai kin ratsa garin gaba ɗaya kin fita ta hanyar Keffi. Na ga kuɗin da ya nuna amma wallahi hankalina na kan kaya ban ma tsaya nace ruwa ba ya tsami banza ba. Muna fita tasha ya sa sigina zai karya, nace Baba ina za mu kuma, yace ba Karmo ba Hajiya? Nace a'a Karu, yace toh ki gyara a wayarki, ina ɗagowa wayar tayi ɗif. Shi kuma tasa gilashin duk ya tsattsage an ɗaure ta da kyauro a jikin iskar esi, ya dangwala ya dangwala netwok yaƙi, sai yace bar shi kawai Hajiya in mun isa shi zai lissafa da kansa, ai yana bin tafiyar.

Muka biyo ta Jabi, muka wuce Berger lafiya lau, daga AYA ne labari ya canza. Duk mai komawa Nyanya da Mararaba da Masaka ta nan yake bi in an tashi aiki, muka shiga gosulo tun daga gaban barikin Mogadishu har gangaren Kugbo muna tafiyar hawainiya, masu gala da ruwan leda suna wuce mu a ƙafa suna dawowa suna sake wuce mu. Awa ɗaya da kusan rabi. A nan ne hira ta ɓarke, kuma da ba don hirar nan ba ƙila da abun bai dame ni daga baya ba. Motar ba tasa ba ce, ta wani ma'aikaci ce, duk sati yake kai balas ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Mai daga aljihunsa, data daga aljihunsa, faci da juyen baƙin mai duk shi, sannan kamfani su zare kamashonsu a kan kowace tafiya, yace nasa yana kai kashi ɗaya cikin huɗu in an haɗa komai da komai. Ya ce min tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi bai ƙara kwana da lissafi daidai ba, litar da suke sha ƙasa da naira 200 ita ce ta zo ta haura dubu a ƙarshen 2024, kuɗin tafiya kuwa an ƙara amma bai bi sawun man ba. Bai faɗa da sigar roƙo ba fa, ni ce na tambaya, kuma yana yi yana dariya.

Mun isa ana kiran magariba. Ya sauke min kaya har bakin get, nace nawa ne, yace ai kati kika sa Hajiya sun cire, a gaida gida. Ya ja mota yana neman masallaci.

Sai bayan isha da wayar ta yi caji alat ya shigo. 2,600. Na buɗe rasit, ga shi nan ɓaro-ɓaro Idu zuwa Karmo, layin taswirar ya tsaya tun a wajen Jabi inda netwok ɗinsa ya ɗauke, abun ya rufe tafiyar a kan kuɗin farko. Ba zan yi ƙarya ba farko daɗi naji, irin tsuntsu daga sama gasasshe ɗin nan, har na nuna wa Yaya muna dariya. Mijinta na zaune yana cin tuwo yace ke dai rabonki ne ya tsaga, kuɗin kamfani ne, sau nawa suka ninka miki kuɗi don an yi yayyafi, sun taɓa dawo miki da sisi? Kuma maganarsa akwai ƙamshin gaskiya, don akwai ranar da aka yi ruwa na biya kusan ninki biyu daga Wuse zuwa Gwarinpa, babu wanda ya ba ni haƙuri.

Amma da na kwanta sai lissafin Baba ya dinga dawo min. Tafiyar nan ta kai kilomita 30, a gosulo da esi a kunne in an yi sauƙi lita huɗu ta tafi, ko a 900 aka sa lita kin ga 3,600 kenan. Shi kuma a cikin 2,600 ɗin ma sai an cire kamasho, abin da zai shiga hannunsa bai kai dubu biyu ba. Wato mutumin nan ya ɗauko ni, ya ɗauki kayana, ya ƙona awa ɗaya da rabi a lokacin da ya fi kowane lokaci ciniki, sannan ya cika kuɗin mai daga aljihunsa. Kamfanin da mijin Yaya yake cewa na ci kuɗinsu abin da suka rasa bai wuce kamashon ragowar ba, sauran duk a wuyan dattijon nan yake. Kuma ninkin da aka yi min ranar ruwa ba shi ya yi min ba, wata motar ce daban, to ta yaya zan rama a kansa.

Akwai bambanci da rangwame, don na san wani zai kawo wannan. In kamfani da kansu suka turo min garaɓasar kashi kaza, sun sani sun yarda, ko tari ba zan yi ba zan karɓa. Wannan kuwa babu wanda ya yafe min komai, kuskure ne, kuma yatsana ne ya fara shi. Tun muna Islamiyya malaminmu in ya zo kan Suratul Muɗaffifina yake cewa kar mu ɗauka masu mudu a kasuwa kaɗai ake nufi, duk wanda in shi zai karɓa sai an cika masa in shi zai bayar ya tauye yana ciki. Ni da in an ƙara min naira 300 sai na rubuta musu wasiƙa mai tsawo, ga shi an rage min dubu bakwai ina neman inda zan ɓoye.

Toh a nan ne ainihin sharhin nawa yake, don da safe na tashi da niyyar biya sai na tarar biyan ma aiki ne. Na shiga wajen taimako, jerin koke-koke ne reras: an caje ni fiye da ƙima, direba ya bi doguwar hanya, direba ya karɓi kuɗi sau biyu, direba bai da ladabi. Duk ƙofofin kai ƙarar direba a buɗe suke, amma babu ko guda ɗaya da ke cewa an caje ni ƙasa da abin da ya kamata. Na gwada wajen kyautar da ake ƙara wa direba, akwai iyakar abin da zai karɓa kuma ko rabin abin da nake son bayarwa bai kai ba. Lambarsa kuma a ɓoye take da zarar an rufe tafiya, wannan ban ga laifinsu ba, don tsaron mu mata ne ma. Ƙarshe na rubuta musu da hannu na yi bayani dalla-dalla, cikin minti ɗaya amsa ta dawo da Turanci mai santsi wai suna ba ni haƙuri bisa abin da ya faru kuma sun duba sun ga kuɗin da aka cire daidai ne. Inji ne ya amsa, ko karantawa ba a yi ba.

'Yar Yaya ce, amaryar, ta ba ni dabara, tace Anti ki shiga wajen na manta kaya a mota, nan ne suke haɗa ki da direba. Nace ai ƙarya kenan, tace toh ki ce kin manta kuɗinsa a jakarki mana. Haka na yi. Da aka haɗa mu muryarsa har rawa take, Hajiya lafiya, wani abu ya ɓata ne, wallahi na duba but babu komai. Sai a lokacin na gane yadda suke tsoron kiran kastoma, don ƙorafi ɗaya zai iya sa a rufe wa mutum akawun ya kwana biyu ba aiki alhali balas na jiransa. Nace Baba kwantar da hankalinka, kuɗinka ne ban cika ba. Yayi shiru. Ashe ya gani tun daren, da ya zauna lissafi, kuma ya riga ya bar wa Allah, yace ya ɗauka sadaka ya yi.

Nawa zan biya ma sai da ya zama abin tunani, don na gwada sa Idu zuwa Karu da safe ya nuna 7,800, da na sake gwadawa da yamma daidai lokacin da muka taso ranar Alhamis ya nuna 9,700. Na ɗauki na yamman tunda da yamma muka yi tafiyar, na cire 2,600, nace ya turo lambar akawu. Ya fara a'a Hajiya ko dubu uku ma ya isa na mai ne kawai, muka yi ta ja kamar masu cinikin rago a juye, ni ina hawa shi yana sauka. Na tura masa 7,100. Addu'ar da ya yi min har iyayena da ke ƙasa sai da ya haɗa, ban san sanda hawaye suka zubo min ba, amarya na gefe tana min dariya.

Abu ɗaya da har yanzu yake ɗan sosa min rai shi ne kamashon. Kuɗin da na tura masa kai tsaye kamfani ba su ga ko kwabo a ciki ba, in za a bi ƙa'ida suna da rabonsu. Mijin Yaya da daren Alhamis yake cewa in cinye duka, shi ne daga baya ya juya yana tsokanata wai toh ustaziya haƙƙin kamfani fa? Na ce masa na ƙwanƙwasa ƙofarsu da kuɗin a hannuna suka ce lissafinsu daidai ne, in sun buɗe hanyar karɓa gobe zan biya. Amma fa ni ma ba wankakkiya ba ce, akwai lokutan da direba ya ce min Hajiya kashe tafiyar mu yi tsakaninmu zan rage miki, kuma na kashe, wancan kam da sanina aka yi, ban da bakin kare kaina a kai.

In kuna amfani da irin waɗannan manhajojin a Abuja ku dinga karanta sunan unguwa sau biyu kafin ku danna, Karu da Karmo, Gwarinpa da Gwagwalada da Gwagwa, Kubwa da Kugbo da Kuje, duk haruffa biyu ukun farkonsu iri ɗaya ne a waya amma a titi tafiya ce mai nisa. Kuma a shigo jirgi da caji, ni dai na sayi pawa bank a kasuwar Karu tun ranar Asabar.

Jiya Litinin saƙo na biyu ya shigo daga wajensu, wannan karon da alama mutum ne ya rubuta don har da sunana. Wai sun yi nadamar cajin da ya wuce ƙima da aka yi min, ga rangwamen naira 500 a tafiyata ta gaba.