Dare uku a rumbun Hansard: yadda majalisar Birtaniya ta yi da koken mutum miliyan uku

Shirin darasi kan juyin masana'antu ne ya kai ni shafin Hansard, rumbun muhawarorin majalisar dokokin Birtaniya da ke intanet. Kyauta ne, ba a neman rajista, kuma ya faro tun daga 1803. Niyyata in ɗauko misali ɗaya in fita, sai na kwashe dare uku ina ciki, data na ta ƙonewa.

Hanyar da ta fi yi mini sauƙi ita ce bin kwanan wata. Na san ma'aikatan da ake kira 'yan Chartist sun kai koke sau uku, a 1839 da 1842 da 1848, suna neman a ba kowane namiji baligi 'yancin zaɓe, a riƙa jefa ƙuri'a a asirce, a biya 'yan majalisa albashi domin talaka ma ya iya tsayawa takara. Sai na buɗe watan Mayun 1842, kuma a nan na maƙale.

Ɗan majalisa Thomas Duncombe ne ya gabatar da koken, da sa hannu sama da miliyan 3.3. Girman takardar ya kai sai da aka warware ta gunduwa-gunduwa kafin ta shiga ƙofar zauren. A ciki an lissafa cewa sarauniya na karɓar sama da fam 164 kullum, alhali dubban iyalan leburori na rayuwa da 'yan kwabbai. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne buƙatar da Duncombe ya kawo washegari. Bai ce a amince da buƙatun ba, cewa ya yi a bar masu koken ko wakilansu su zo gaban majalisa a ji ta bakinsu. Wannan ma aka ƙi, da ƙuri'a 287 a kan 49. Na karanta jawabin ɗan majalisa Thomas Macaulay har sau biyu, inda ya kafe cewa in aka ba kowa ƙuri'a, dukiya ba za ta tsira ba, wayewa ma ta bi ta. Mutumin ya iya magana, ba ƙarya. Tsoro ne tsagwaronsa aka yi wa ado da lafazi.

A nan amfanin rumbun yake. Littafin makaranta zai ce maka an yi watsi da koken, shi ke nan. Hansard kuwa zai nuna maka wa ya tashi, me ya kafa hujja da shi, har da jerin sunayen waɗanda suka ce e da waɗanda suka ce a'a.

Na koma baya zuwa 1839, inda aka kayar da koken da Thomas Attwood ya kawo da ƙuri'a 235 a kan 46. Na 1848 ban daɗe a kansa ba. Jagoran 'yan Chartist Feargus O'Connor ya ce sa hannu ya haura miliyan biyar, akawun majalisa suka ƙirga bai cika miliyan biyu ba, wasu ma sunan Sarauniya Victoria suka rattaba. Aka mai da abin na dariya.

Sai dai majalisar da ta toshe kunnenta ga maganar ƙuri'a ta riƙa sakin wasu dokoki kaɗan-kaɗan. Ta 1833 ta hana ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 9 aiki a yawancin masaƙu, ta naɗa sufetoci huɗu kacal ga ƙasar baki ɗaya. Ta 1842, da Lord Ashley ya tsaya a kanta, ta hana mata da yara maza 'yan ƙasa da shekara 10 shiga ramin haƙar kwal. Ta 1847 ta rage aikin mata da samari a masaƙu zuwa awa goma. In ka jera muhawarorin nan kusa da juna, za ka ga sun yarda su tausaya wa ma'aikaci, amma ba su yarda ya zauna da su ba.

Abu biyu ya kamata mai shiga ya sani. Hansard na wancan ƙarni ba kalma da kalma ba ne, yawanci daga rahotannin jaridu aka haɗa shi, sai a 1909 majalisa ta karɓi aikin da kanta. Don haka na gargaɗi ɗalibaina kada su ɗauki kowace jimla tamkar daga bakin mai ita ta fito. Sannan Ingilishin tsoho ne, jimla ɗaya kan ci layi shida, ni ma sai da na ajiye ƙamus a gefe.

Ga malami ko ɗalibin jami'a, na ba shi huɗu cikin biyar. Ga 'yan sakandare kuwa, ba zan tura su kai tsaye ba. Shafi biyu na jawabin Duncombe da biyu na Macaulay na buga musu, ranar Litinin za mu raba aji gida biyu.