Yaya, Kafin Mu Saya wa Amarya Injin Kicin

Assalamu alaikum, Yaya. Ya gida, ya ƙafar Hajiya, ya kuma hidimar biki? Allah Ya kai mu lokacin lafiya.

Na ga hoton da kika turo, injin nan mai ƙaton mazubi da faya-fayai kala-kala, wanda kika ce in sayo wa 'yarmu a sa mata cikin kayan kicin. Ban saya ba tukuna. Kuɗinki na nan a ajiye, amma ina so ki ji abin da na gani da idona a shekara ukun da na yi ina girki a nan garin Lesta na ƙasar Ingila, sai mu yanke shawara tare.

Abin da na fara kewa da na zo ƙasar nan shi ne injin markaɗen bakin layinmu. A gida sai dai ki wanke kayan miya ki zuba a bokiti, ki miƙa wa yaro, kafin nama ya tafasa ya dawo. Nan babu wannan ko kusa. Na zo da ɗan turmina, to amma a bene muke, kuma daɓen katako ne. Ranar da na fara jajjage, tsohuwar da ke ƙasanmu ta hawo ta ƙwanƙwasa ƙofa a hankali, tana tambaya ko wani gyara muke yi. Ba ta yi faɗa ba, amma daga ranar na ajiye taɓarya. Dokarsu ma ta ba hukumar gari damar shiga maganar hayaniya daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe, sahur kuwa a tsakiyar wannan lokacin yake faɗowa. Dole ta sa na shiga neman inji.

Irin wanda kika turo, Turawa na ce masa fud-furosesa, kuma ba bilenda ba ne, ko da yake a gida duk sunansu ɗaya muke kira. Wani Bafaranshe ne, Pierre Verdun, ya ƙirƙiro shi saboda ya ga yadda masu girki a gidajen abinci ke ɓata lokaci wajen yanke-yanke. A 1971 aka fito da na gida mai suna Magimix, a 1973 kuma Carl Sontheimer ya kai irinsa Amurka da sunan Cuisinart. Kin ga tun asali don tukunyarsu aka yi shi: yanka karas, goga cuku, kwaɓa fulawa. Mazubinsa faffaɗa ne, wuƙarsa mai lanƙwasa ce tana kwance a ƙasa, sara take yi, ba niƙa ba.

Ba na raina shi. Jajjagen attaruhu da albasa yakan fito kamar na turmi, da ɗan gari-garinsa, bai zama ruwa ba. Kuɓewa ɗanya, dannawa huɗu ta gama. Yana niƙa nama na sambusa, yana yanka kabeji siriri, yana haɗa kwaɓin cincin. Dafaffen nama ma yana dagargaza shi don dambu, muddin kina dannawa kina saki, ba ki bar shi yana ta gudu ba. Har surfen wake nake yi da shi: in jiƙa na ɗan lokaci, in zuba da ruwa, in danna kaɗan-kaɗan, sai ɓawon ya taso sama.

Inda ya gaza kuwa, can ne tsakiyar girkinmu. Wanda na fara saya babba ne mai araha, an rubuta masa wat mai yawa a jikin kwali. Ranar wata Asabar na ce bari in yi wa maigida ƙosai. Na zuba wake, ya yi ta juyawa, na buɗe na murza a yatsa, tsaki-tsaki. Na ƙara ruwa, sai ga shi yana tsiyaya ta ramin tsakiya inda sandar wuƙa take, yana bin jikin injin har kan kanta. Abin da ba a gaya wa mai saye shi ne, litar da aka rubuta a kwali ta busasshen kaya ce; layin ruwa yana can ƙasa sosai. Ƙullun bai yi laushi ba, bai kuma bugu ba, ƙosan ya watse a mai. A sati na biyu na ji ƙauri, injin ya tsaya cik.

A nan ne na ga bambancin ciniki. Na mayar da shi shagon da rasit a hannu, gabana yana faɗuwa, ina ta shirya bayanin da zan yi. Yarinyar da ke kan kanta ta duba kwanan wata, ta mayar mini da kuɗina cikin kati, ko minti biyar ba mu yi ba. Ba kirkinta ba ne kawai, doka ce ta 2015: kayan da suka lalace cikin kwana 30, mai saye na da haƙƙin karɓar kuɗinsa cif. Idan ta intanet aka yi odar, akwai kwana 14 na fasawa ko da babu abin da ya samu kayan. Wasu shagunan, irin John Lewis, suna ba da garantin shekara biyu a kan kayan wuta. Na tuna rasit ɗin kasuwarmu mai cewa kaya in sun fita ba sa dawowa, da yadda ake jona abu a gabanki ya yi ƙara sau ɗaya a ce to kin dai gani da idonki.

Amma kada ki ɗauka komai nasu ya fi. Da a Kano injin nan ya ƙone, mai gyara a Sabon Gari zai kwance shi, ya sake naɗa wayar motar, ya canja roba, ki dawo da shi gida kafin la'asar. A nan ladan mai gyara yakan fi kuɗin ƙaramin inji, don haka da garanti ya ƙare sai juji. Na je wurin zubar da kayan wuta na hukumar gari sau ɗaya, na ga bilendoji jibge, wasu roba ɗaya ce ta cinye. Raina ya ɓaci ƙwarai. Su ma abin ya fara damun su, har akwai masu taruwa suna gyara wa mutane kaya kyauta, tsarin da aka faro a Amstadam a 2009. Abin da muke da shi a kowace kasuwa, su sai an sa rana.

Wadda ta warware mini matsalar ƙosai maƙwabciyata ce, 'yar asalin Indiya. Iyayenta na cikin waɗanda Idi Amin ya kora daga Yuganda a 1972, da yawansu a garin nan suka zauna, shagunansu ne suka cika titin Belgrave. Na shiga wurinta wata safiya na tarar tana zuba farin ƙullu a kasko. Na tambaya, ta ce shinkafa ce da wani ɗan wake nasu, a jiƙa, a markaɗa, a bar shi ya kwana ya tashi. Yaya, ai sinasir ke nan! Na ce da me kike markaɗawa? Ta nuna mini wani inji gajere a kusurwa, suna ce masa miksi.

Washegari ta raka ni titin Belgrave. Akwai su iri-iri, Preethi, Prestige, Butterfly. Na ɗauki mai wat 750 da kofunan ƙarfe uku: babba na jiƙaƙƙen abu, matsakaici na busasshe, ƙarami na ɗan abin da bai fi cikin tafi ba. Gudun wuƙarsa ya ninka na furosesa sau da yawa, kofin kuma matsattse ne, don haka abin da ke ciki ba shi da wurin gudu, dole ya dawo kan wuƙa. Ƙullun alale yana fitowa sumul. Shinkafar waina, gyaɗar kunu, jiƙaƙƙiyar aya, duk yana cinyewa. A matsakaicin kofin nake niƙa citta da kanumfari da masoro da barkono, yajina na wata guda. A ƙarƙashinsa akwai ɗan jan maɓalli. In kaya sun yi masa yawa sai ya kashe kansa, ki rage, ki jira ya huce, ki danna, ya tashi. Wannan maɓallin kaɗai ya isa ya ceci injin a hannun amaryar da ba ta saba ba. Aibinsa ƙara. Kamar ana sauke jirgi a kicin, shi ya sa duk markaɗen sahur tun la'asar nake gamawa in sa a firij.

Sai maganar girma, wadda ita ce ta fi damuna da hoton nan. Su biyu ne fa, ita da mijinta. Jajjagen mutum biyu attaruhu uku ne, tattasai biyu, albasa ɗaya. Ki zuba wannan a mazubi mai lita uku, wuƙa na juyawa sau ɗaya duk sun manne a bango, ita kuma tana ta sarar iska. Ki buɗe, ki kankare, ki rufe, ki sake. Bayan nan ga wanki: mazubi, murfi, abin turawa, wuƙa, sanda. Nan suna jefawa a injin wanke-wanke. Ita kuwa da ruwan 'yan garuwa za ta wanke, don albasa ɗaya. Wata biyu za ta yi ta mayar da shi kwali ta ɗora a saman kabad. Ni yanzu ɗan ƙaramin na yanka nake amfani da shi, mazubinsa bai wuce rabin lita ba, fam ashirin da 'yan kai na saye shi, kuma kullum sai na taɓa shi.

Babban nan mai kyau, irin Magimix, na je na ɗaga shi a shago. Nauyi gare shi kamar dutsen niƙa, saboda irin motar da ke ciki, wadda ba ta da ƙara sosai kuma tana daɗewa. Garantin shekara 30 suke ba motar. Kuɗinsa ya haura fam 200. Ke ya dace da ke, mai ciyar da mutum goma sha, mai cincin ɗin Salla na bokiti-bokiti. Sai dai ki sani, takardun garantin da na karanta a nan duk na cikin ƙasar ne. Da kaya sun sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, mai gyaran kasuwa ne garantinmu.

Wuta kuma kada a yi wasa da ita. Ta Ingila bolt 230 ce kamar tamu, filoginsu mai baki uku shi ne na bangon gidajenmu, sai dai kawai a jona. Ta Amurka 120 ce. Don Allah ki gaya wa ƙaninmu da ya ce zai aiko da nasa daga can ya haƙura, ko ya haɗo da taransifoma, in ba haka ba jonawar farko ce ta ƙarshe. Na Faransa da Jamus ƙarfin wutar ɗaya ne da namu, bakin filogin ne daban, irin wanda muke gani a gidan Gwaggo a Maraɗi. Sannan inji mai mota yana fizgar wuta lokacin tashi fiye da abin da aka rubuta masa, don haka ƙaramin janareto ba lalle ya ɗauki miksi da firij a lokaci ɗaya ba. In kuma aka kawo wuta mai rauni, wadda ƙwan fitila ke yin ja, kada ta kunna ko kaɗan. Wannan wutar ce ke ƙona mota.

Ga abin da nake gani. In riƙo mata miksi ɗaya da ƙaramin na yanka ɗaya, tare da robobin murfi na canji da 'yar robar da ke haɗa kofi da mota, don su ne ke fara cinyewa. Duka biyun ba za su cinye mini akwati mai kilo 23 ba, kuma kuɗinki zai yi saura. Da sauran ki saya mata turmi mai kyau da taɓarya, tunda gidan ƙasa za ta zauna, babu tsohuwar da za ta hawo mata.

Kafin Juma'a ki sa a tambayo mini abu biyu: ko sola ce a gidan angon ko janareto, da ƙarfinsa nawa, sannan a leƙa Sabon Gari a ji ko ana sayar da irin miksin nan da kayan gyaransa, don in akwai shi a can gara a saya a hannun wanda za a iya komawa wurinsa. Ki gaishe mini da Hajiya, ki ce mata man shafawar ƙafar na cikin kaya.