AutoCAD ko LayOut: wanne ya fi riƙe ma'auni idan an ja taga?

Ƙanena na Marwa, ka ce ka ɗora filan ɗin gida a kan takardar A3 a ma'aunin 1:100, ka ja gefen hoton don ya cika shafi, sai ƙofar santimita 90 ta fito milimita 11 maimakon 9. Kana tambaya ko ka jefar da LayOut, manhajar da ke ɗora zanen SketchUp a kan takarda, ka koma manhajar zanen gini ta AutoCAD. Duka biyun da su nake cin abinci a nan Garwa, ga abin da na gani.

A duka biyun, gini da girmansa na gaskiya kake zana shi. Abin da ke kan takarda taga ce kawai da kake leƙa ginin ta cikinta. Inda suka raba gari shi ne wurin da kowanne ya ajiye ma'auni, wato eshel.

A AutoCAD, ma'auni yana cikin zuƙowar tagar. Ka shiga Présentation, wato shafin takarda, ka danna cikin taga sau biyu, ka rubuta ZOOM, sai lamba da XP. Nan ne ramin da mutanenmu ke faɗawa. Mai koyarwa a YouTube zai ce maka 1/100XP, kuma bai yi ƙarya ba, amma shi da milimita ya zana. Da yawanmu a nan da mita muke zane, takarda kuwa milimita take ƙirgawa. Don haka 1/100 a wurinka 10XP ne, 1/50 kuwa 20XP, 1/200 kuma 5XP. In da santimita ka zana, 1/100 ya koma 0.1XP. Da ma'auni ya zauna, danna ɗan kwaɗon nan na ƙasan allo ka kulle. In ba ka kulle ba, yatsarka ta taɓa tayar linzami sau ɗaya, aiki ya ɓaci kuma ba zai gaya maka ba. Jan kusurwar taga kuwa ba ya taɓa ma'auni, yanka hoton kawai yake yi. In filin mai karkace ne irin na tsofaffin unguwanni, zana iyakarsa ka yi amfani da _VPCLIP. Ɗan layin nan na gaban sunan shi ke sa AutoCAD na Faransanci ya gane umarnin.

LayOut ya hutar da kai wannan lissafi, domin ya san ko da mita ka zana ko da santimita. Ka zaɓi 1:100 a jeri, magana ta ƙare. Amma yana da sharuɗɗansa. Tun a SketchUp sai ka mai da kyamara Projection parallèle, ka leƙo daga sama, ka adana shi a matsayin Scène. Hoton da nesa ke ƙanƙancewa a cikinsa ba shi da ma'auni, shi ya sa kake ganin akwatin ya dishe ya ƙi dannuwa.

Ciwonka kuwa ɗan akwati ɗaya ne. Kusa da wurin zaɓar ma'auni akwai Preserve Scale on Resize. In ba ka sa masa alama ba, kana jan taga gida yana kumbura tare da ita. Abin da ya sami ƙofarka ke nan. Sa alamar, ka maido 1:100, sannan ka ja yadda kake so. Kuma ka daina danna cikin taga sau biyu kana jujjuya gida, domin tagar za ta rabu da Scène ɗinta, gobe ka gyara can ta ƙi bi. Gyara a SketchUp, ka adana, ka sabunta a LayOut.

Ni dai takardun neman izinin gini da za a kai meri, wato ofishin magajin gari, da na ƙarafa, a AutoCAD nake yi: layinsa ya fi fita, kuma bai cika wahalar da kwamfuta ba. LayOut in ka sa shi a Vector, yanayin da ke fitar da layi tsaf, tsohuwar kwamfuta a zafin watan Afrilu sai ka ji fankarta kamar injin niƙa. Amma in Alhaji ne zai zauna ya ga baranda da rufi kafin ya saki kuɗin siminti, LayOut ya fi, kuma in ya ce a ƙara ɗaki, gyara ɗaya ya wadaci duk shafuka. Tunda gidanka yana SketchUp, zauna inda kake.

Saura mai buga takarda. Bara na kai PDF wani shago, yaron ya bar shi a Ajuster, mai daidaita zane da girman takarda, maimakon Taille réelle, wato girman gaskiya, bangon mita 10 ya fito santimita 9.6 maimakon 10. Allah ya taimake ni magini ya bi lambobin da na rubuta, bai aza rula ba. Yanzu ba na biyan kuɗi sai na fito da rula daga aljihu na aza a kan ƙofa a gabansa, na ga milimita 9.