Birekan ya ceci gidana, amma ina da ƙorafi

Wata huɗu ke nan da na cire tsofaffin fis ɗin akwatin wutar gidana na sa ƙananan bireka masu katse wuta da kansu idan ta yi yawa, kowane layi da nasa. A da idan fis ya ƙone, waya kawai muke murɗawa mu mayar, ban san wasa da wuta muke yi ba.

Daren da aka yi ruwa da iska ne na san na yi sayayya. Ruwa ya bi bango ya shiga soket ɗin waje, wayoyi suka haɗe. Ƙas ɗaya na ji, layin nan kaɗai ya ɗauke. Fanka na juyawa, firji na aiki, yara ko motsi ba su yi ba. Da safe na kwance soket ɗin, cikinsa ya yi baƙi ƙirin, roba ta narke tana wari, amma wayar cikin bango ko ɗumi ba ta yi ba. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi da na tuna wayar da muke ɗaurawa, wadda ba za ta tsinke ba sai komai ya kama.

To amma duk wannan bai mantar da ni wahalar injin jan ruwa ba. Mako biyu cur, da na kunna sai bireka ya faɗi. Na zargi injin, na zargi wayarin, har na kira mai gyaran wuta. Yana duba jikin birekan ya ce, "Malam, ai B10 aka ba ka." Ashe harafin nau'in bireka ne, lambar kuma amfiya, wato ma'aunin wutar da zai ɗauka: nau'in B yana katsewa nan take idan wuta ta ninka lambarsa sau 3 zuwa 5, nau'in C kuwa sai sau 5 zuwa 10. Injina amfiya 6 yake ja, amma lokacin tashi yakan ninka haka wajen sau 6. Muka sa C10, magana ta ƙare. Na ce ko mu sa mai 32 mu huta, ya ce a'a, girman waya ake bi, in ba haka ba wayar ce za ta ƙone kafin birekan ya faɗi.

Abin da ke ci mini rai, na faɗa wa mai sayarwar cewa inji zan ɗora a kai, ya miƙo mini B bai ce uffan ba. Ga kuma kusoshin ɗaure waya masu laushi, biyu sun lalace tun ranar farko. Ɗaya har yanzu sai na riƙa dubawa ko ya saki.