High Elf, Wood Elf ko Drow: Wanne Ya Dace da Maharbi a Dungeons & Dragons?

Wani ɗan'uwa cikin waɗanda muke zaman wasa da su ya tambaya cewa yana son ƙirƙirar jarumi maharbi daga jinsin elf, wata halittar almara mai kama da mutum, mai iya laɓewa da leƙen asiri, amma ya rasa wanne zai ɗauka cikin rassa uku da ke littafin 'yan wasa na Dungeons & Dragons, wasan da kowane ɗan wasa ke taka rawar jarumi ɗaya cikin labari, wato High Elf da Wood Elf da Drow. Ɗan'uwa, kafin ka zaɓa, sai ka fara tambayar mai jagorantar wasanku abubuwa biyu: da wane bugu na dokoki kuke wasa, na 2014 ko na 2024, kuma a ina labarin zai fi gudana, a sararin duniya ne ko a ƙarƙashin ƙasa. Amsar waɗannan biyu ita ce za ta yanke yawancin hukuncin.

A bugun 2014 dukkan rassan uku sun yi tarayya a gado ɗaya. Kowane elf yana samun ƙarin maki 2 a zafin nama, yana da ƙwarewar lura da abin da ke kewaye da shi, sihiri ba ya sa shi barci, kuma maimakon barcin awa 8 yakan yi zurfin tunani na awa 4 ya wartsake. Suna iya rayuwa har shekara 750. Tunda zafin nama shi ne abin da harbin baka ya dogara a kai, babu reshen da zai ba ka maharbi maras amfani, bambancin yana cikin abin da aka ɗora a kan wannan tushe.

High Elf shi ne na birni da karatu. Yana samun ƙarin maki 1 a basira, da ƙarin harshe ɗaya, da ƙaramin sihiri guda daga jerin masihirtan littafi wanda zai iya yi ko sau nawa ya ga dama. Ga mai son zama masihirci wannan reshe ya fi sauran, amma ga maharbi makin basira kusan asara ne, sai dai idan ka ɗauki sihirin da ke ƙirƙirar ɗan sauti ko hoto na yaudara, wanda yake da amfani wajen kawar da hankalin mai gadi.

Wood Elf kamar don tambayarka aka tsara shi. Ƙarin makinsa yana zuwa a hikima, kuma a wannan wasa hikima ce ke tafiyar da lura da bin sawu da sihirin mafarautan daji, wato ajin Ranger (aji shi ne sana'ar da jarumi ya ɗauka). Gudunsa ƙafa 35 ne a kowane zagaye maimakon 30, wanda a kan taswirar wasa yake nufin gida bakwai maimakon shida. Gida ɗaya kamar ba komai ba ne, sai ranar da maƙiyi mai takobi ya biyo ka, ka ga ya gaza cim maka da taku ɗaya tak. Yana kuma iya ƙoƙarin ɓuya ko da abin da ya kare shi bai wuce ganyaye ko hazo ko ruwan sama mai ƙarfi ko dusar ƙanƙara ba, alhali sauran sai sun sami cikakkiyar mafaka. Shi da High Elf duk sun iya dogon baka tun daga gida, kuma wannan yana da muhimmanci idan ajin Rogue ka ɗauka, wato na masu laɓewa da sanɗa, domin wannan ajin ba ya koyar da dogon baka da kansa.

Drow shi ne wanda ya fi jan hankalin sababbin 'yan wasa, shi ne kuma ya fi buƙatar dogon nazari. Mutanen ƙarƙashin ƙasa ne, a Forgotten Realms, ɗaya daga duniyoyin almara na wasan, an san su da birnin Menzoberranzan da bautar Lolth, allahiyar gizo-gizo. Suna gani cikin duhu har ƙafa 120, ninki biyu na sauran, ƙarin makinsu a kwarjini yake, kuma suna da sihiri uku na gado: 'yan fitilu masu yawo tun farko, hasken da ke tona maƙiya ya sauƙaƙa dukansu idan jarumi ya kai mataki na 3 na ƙwarewa, da duhun sihiri a mataki na 5. Sai dai kuɗin da ake biya yana da tsada. A dokar 2014, idan Drow ko abin da yake hari yana cikin hasken rana kai tsaye, sai ya jefa ɗan lido mai fuska 20 sau biyu ya ɗauki ƙaramin sakamako, a hari da kuma lura da ido. Ga Rogue abin ya fi muni, domin duka na ba-zata, wanda shi ne ƙarfin ajin gaba ɗaya, ba ya yiwuwa muddin wannan naƙasu yana kansa. Makamin nesa da ya gada shi ne ƙaramin baka mai kunama na hannu ɗaya, wanda zangon da yake harbi ba tare da naƙasu ba ƙafa 30 ne, inda dogon baka yake kai 150. Akwai kuma abin da mutane ke mantawa: duhun sihirin da yake yi, shi kansa ba ya gani a cikinsa.

Bugun 2024 ya sauya lissafin sosai. Ƙarin maki ya tashi daga jinsi ya koma kan tarihin rayuwar jarumi, an cire horon makamai na gado, an kuma cire wa Drow raunin hasken rana ɗungurungum. An ba sauran biyun sihiri a mataki na 3 da na 5 kamar yadda Drow yake da shi: High Elf ya sami gano sihiri da ɓacewa a bayyana ƙafa 30 gaba, Wood Elf kuwa ya riƙe gudunsa na 35, ya sami sihirin ƙara sauri da Pass without Trace, wanda ke ƙara wa dukan tawagar da ke kusa maki 10 a laɓewa. A ganina wannan na ƙarshe shi ne mafi daraja cikin duk abin da aka raba wa rassan uku.

Saboda haka, idan da dokar 2014 kuke wasa kuma tafiyarku ta daji da hanyoyi ce da rana, ka ɗauki Wood Elf. Idan labarin a kogo da ƙarƙashin ƙasa zai ƙare, ko kuma da dokar 2024 kuke, Drow ya zama zaɓi na gaske, amma ka fara jin ta bakin jagoran wasa kan yadda mutanen garuruwan labarinsa za su karɓi Drow idan ya shigo kasuwa.