Bita: Horon jagororin ɗalibai na Check & Connect

Check & Connect shiri ne da Jami'ar Minnesota ta Amurka ta fara a 1990 tare da makarantun gwamnati na birnin Minneapolis, domin riƙe ɗaliban da ke gab da barin makaranta. Sandra Christenson na cikin waɗanda suka tsara shi. Jami'ar tana sayar wa makarantu da ƙungiyoyi horo da littafin aiki, akwai kuma manhajar shigar da bayanan ɗalibi. Horon jagorori, wato manyan da ake haɗa su da ɗalibai domin su riƙa bibiyarsu, galibi kwana biyu ne, shugabannin da za su kafa shirin kuma suna da nasu daban.

Abin da ya bambanta wannan horo da sauran shi ne bai dogara da kyakkyawar zuciyar jagora ba. Takarda ake ba shi, mai gurabe, a koya masa cika ta kowane mako: kwana nawa yaro bai zo ba, sau nawa ya yi latti, darasi nawa ya tsallake bayan ya shigo harabar makaranta, sau nawa aka kai ƙararsa ko aka dakatar da shi, makinsa a kowane darasi, da adadin darussan da ya ci cikin waɗanda dole sai da su zai kammala. Daga rajistar makaranta ake ɗauko waɗannan, ba daga bakin yaro ba. Hikimar a nan take. Yaron da aka tambaya ya makaranta zai ce lafiya lau. Amma idan jagora ya ajiye takardar a gabansa ya ce, "Ga shi, Litinin uku a jere ba ka shiga darasin farko ba, me ke faruwa da safiyar Litinin?", magana ta samu wurin kamawa. Sau da yawa dalilin ƙarami ne: motar makaranta, ko ƙanin da sai an kai shi wani wuri, ko aikin daren Lahadi.

Ana kuma koyar da hanyar warware matsala mai mataki biyar wadda jagora zai riƙa bi da yaro har ta zama jiki: tsaya ka yi tunani kan matsalar, waɗanne mafita ake da su, zaɓi ɗaya, aikata, sannan a dawo a ga yadda ta kaya. Wannan sashe yana buƙatar gwaji sosai a cikin aji, mutum biyu su zauna ɗaya ya zama ɗalibi. Kuskuren sababbin jagorori kusan iri ɗaya ne, su tsallake mataki na biyu su miƙa wa yaro amsa. Yaron zai gyaɗa kai, mako mai zuwa kuma a tarar babu abin da ya canja, domin shawarar ba tasa ba ce. Kwana biyu ba sa isa a kawar da wannan ɗabi'a, musamman ga tsofaffin malaman da suka saba da wa'azi.

Sharaɗin da ya fi nauyi shi ne alkawarin shekara biyu aƙalla. Jagora zai riƙa ganin ɗalibi kowane mako, ya riƙa tuntuɓar iyayensa, kuma idan ya koma wata makaranta a cikin gundumar ya bi shi can. Horon ya yi bayanin dalilin da kyau, amma bayani ba ya hana jagora samun wani aiki ya tafi a wata na takwas. Yaron da manya suka sha juya wa baya, tafiyar jagora a tsakiyar hanya tana iya yi masa illa fiye da a ce ba a fara ba. Saboda haka kujerar mai kula da jagorori ta fi komai muhimmanci. Shi ne zai duba takardun, ya zauna da jagorori akai-akai, ya gano wanda ya daina cika gurabe, ya shirya miƙa ɗalibi hannu da hannu idan wani zai tafi. Makarantar da ta biya kuɗin horo ba ta ware wa wannan mutum lokaci ba, ta sayi doki babu linzami.

Game da sakamako, gaskiya biyu ce. Cibiyar What Works Clearinghouse ta ma'aikatar ilimi ta Amurka ta ce shirin yana taimaka wa ɗalibai su ci gaba da zama a makaranta, amma ba ta ga tabbataccen tasiri kan kammalawa ba. Binciken farko da ya yi wa shirin suna an yi shi ne da ɗalibai masu buƙata ta musamman. Wani gwaji da aka yi daga baya da ɗaliban da suka riga suka yi nisa a sakandare, darussan da suka faɗi sun taru, bai nuna ƙarin masu kammalawa ba. Jagora yana iya dawo da yaro aji, amma ba zai iya biya masa bashin karatun shekara biyu ba. Wanda zai yi amfani da shirin ya fara da wuri, ya kuma haɗa shi da darasin cike giɓi, abin da horon bai ba shi isasshen lokaci ba.

Akwai wani abu da horon ya ɗauka tamkar yana nan ko'ina: rajista mai gaskiya da ake cikawa a kowane darasi, wadda jagora zai buɗe a kwamfuta. Inda ake kiran suna sau ɗaya da safe, ko malami ya cike na mako guda ranar Juma'a, ba za a taɓa ganin yaron da ke zamewa bayan tara ba. Ƙungiyar da ke aiki a irin wannan makaranta ya kamata ta fara gyara rajista, ta samu izinin shugaban makaranta da na iyaye a rubuce, kafin ta tura ko mutum ɗaya horo.